Baba Inuwa Mai Idon Aro

Da hantsi ne, ranar wasa. An yi yayyafi da asuba ya ɗauke, gajimare na tafiya a hankali kamar ba su da inda za su. Ni mai ban ruwa ne a babban filin ƙwallo, to ranar sama ta rage min aiki, sai na zauna a kan naɗaɗɗen tiyo ina kallon tururi yana tashi daga ciyawa. A irin wannan lokacin Baba Inuwa yake shigowa ta ƙaramar ƙofa, jaka a hammata, farin gemu a taje, yana tafiya kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci.

Ɗakinsa yana ƙarƙashin benen 'yan kallo. Farin bango, kujerun roba, firji, famfo, sai banɗaki mai babban madubi. Zai buɗe famfo ya saurari ƙarar ruwan, ya rufe. Zai goge madubi. Zai jera gorunan ruwa a firji, yana murza murfin kowace don ya tabbatar ba a taɓa buɗe ta ba. Daga nan sai ya zauna ya ɗora hannaye a gwiwa. Sama da kansa mutane za su cika, su yi ihu har silin ya riƙa rawa, shi kuwa bai taɓa kallon wasa ya kai ƙarshe ba.

Ku gafarce ni, aikin nasa sai an ambaci fitsari. Idan an tashi daga wasan ƙasa da ƙasa, akan zaɓi wasu 'yan wasa a gwada su, ko sun sha ƙwayar ƙara kuzari. Daga lokacin da aka busa tashi har yaro ya ba da fitsarinsa a rufe a kwalba, dole akwai idon da bai rabu da shi ba. Wannan idon shi ne dattijon nan. Inuwa ba sunansa ba ne, 'yan wasa ne suka laƙa masa, don duk inda ka juya yana bayanka. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana ji da kunnensa.

Matarsa takan ce ita dai kunnen mijinta ta sani a talabijin. Gaskiyarta. Duk sanda ake hira da gwarzon wasa, duba gefen hoton, za ka ga rabin kunne da kafaɗa. Shi ne. An zage shi da harsunan da bai sani ba, ya ce madalla. Direban bas ya ba ni labarin wani baƙon mai tsaron gida da aka zura wa ƙwallaye, ya zauna a ɗakin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ba mai jin yaren wani. Baba ya ja kujera kusa, ya yi ta yi masa fifita da kwali har kukan ya tsaya.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro, maganar ƙanena ce, Autanmu.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan ƙasar nan ne, Innarmu kuwa daga tsallaken iyaka aka auro ta, can kuma aka haifi Auta. Da ƙafarsa ta yi suna sai ƙasashen biyu suka kama ja, kowa na cewa nasa ne. Aka hana shi buga wa kowa har sai an yanke hukunci. Kakar wasa guda yana zaune a gida yana shafa wa takalmansa mai. Da aka ce namu ne, wasansa na farko sai ya faɗo da ƙasar kawunnansa. Ya zura musu ƙwallo ɗaya, ita ce kuma ta raba gardama. Ana busa tashi, kafin ya gama sujada, Inuwa na tsaye a bayansa.

La'asar ta yi sanyi, fili ya watse. Tagar ɗakin ƙarama ce, tana daidai da gefen ciyawa, nan na tsuguna ina naɗe tiyo ina jin komai. Sauran da aka zaɓa sun gama sun tafi. Saura Auta. Ya sha ruwa, ya yi zagaye, ya zauna, ya tashi. A barandar waje manyan ɗaya ƙungiyar na tsaye da wayoyi a hannu, jira kawai suke. Doka kuwa a fili take: wanda ya ƙi bayarwa, daidai yake da wanda aka kama. Shekaru zai yi ba ƙwallo, su kuma su shigar da ƙara a kan wasan.

Koci ya buga ƙofa. "Wai har yanzu? Fitsari ne ko haihuwa?"

"Naƙuda ake, ranka ya daɗe," in ji Baba. "A yi mana addu'a."

Auta bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki wata gorar, Baba ya ce, "Ya isa haka, ɗana. In fitsarin ya tsinke da yawa ba za su karɓa ba, sai mu koma farko."

Can sai na ji muryar ƙanena ta yi ƙasa, irin wadda yake yi wa Inna magana da ita.

"Baba, ba wai babu ba ne. Marata kamar ta fashe. Ba zan iya ba ne."

"Me ya hana?"

"Haba Baba. A gabanka? Kai fa sa'an mahaifina ne. Tun ina tsintar ƙwallo a filin nan nake durƙusa maka. Yanzu in ɗage riga, in sauke wando, kana kallo?"

"To a gaban wa kake so? Alƙalin wasa?"

"Wallahi gara a kore ni."

Na ji ƙarar kujera, na leƙa. Hannun Auta na kan mariƙin ƙofa. Na tuna Inna tana gida ta kasa kunne a rediyo, ta riga ta yi guɗa. Yaron da bai taɓa shan ko maganin mura ba sai ya tambayi likita, yau kunya za ta kai shi inda ƙwaya ke kai mutane.

Baba bai tare ƙofa ba. Ko tashi bai yi ba.

"A buɗe take," ya ce. "Ba ni da ikon riƙe ka. Amma kafin ka murɗa, daina ce min Baba a ɗakin nan. Baba yana gida, na bar shi a rataye tare da babbar rigata. Me abokanka ke kirana?"

Auta ya ce, "Inuwa."

"To. Ka taɓa jin kunyar inuwarka? Tun kana cikin zani take bin ka banɗaki, ta taɓa ba wa wani labari?" Ya nuna fuskarsa da yatsa. "Idon nan ma ba nawa ba ne, na aro ne. Da safe suke ba ni, da yamma in mayar musu da abinsu, har da abin da ya gani. Ni ba na zuwa gida da komai."

Ya ɗago kai wajen taga, ashe tuntuni ya san ina nan. "Mai ban ruwa, ciyawarka ba ta jin ƙishi?"

Ba ta ji. Amma na je na buɗe duka famfunan feshi. Ruwa ya tashi sama a fili wanda ba kowa, rana mai faɗuwa ta shiga cikinsa ya koma kamar zinariya tana zuba. Tsuntsaye suka sauko daga kan fitilu suna tsalle a ciki. Na dawo gindin taga na ji Baba yana magana a hankali, kamar da kansa yake. Wai akwai wani kogi da yake zuwa yana yaro, ruwansa na bin kan duwatsu yana sulɓi, in ka kwanta a kan yashi sai ka ji yana wucewa ta ƙarƙashin bayanka, yana tafiya, yana tafiya, ba mai tsayar da shi. Ni kaina da ke waje sai da na matse ƙafa.

Ban san lokacin da hannun Auta ya bar ƙofar ba. Na dai ji ya ce, "Inuwa, mu je." Sai takunsu su biyu. Da aka kira magariba an riga an raba abin a kwalabe biyu, Auta ya rufe da hannunsa. Mutanen baranda suka mayar da wayoyi aljihu. Sakamako ya fito fes, kuma har yau ƙanena yana sanye da rigar ƙasa.

Baba Inuwa, kai ne wanda aka sa ya tsare doka, ka tsare ta ba ka rage ko ƙwayar zarra ba, ba ka kau da ido ba ko na ƙiftawa, amma ka tsare mutuncin yaro tare da ita. Da ka ga dama ka ce ya ƙi, ba wanda zai ce ka yi laifi. Mai haƙurin zama, mai idon aro. Auta bai gode maka ba, kuma na san ba zai iya ba, don ko sunanka aka ambata a gida sai ya tashi ya shiga ɗaki. To ni na gode a madadinsa, Inna ma ta ce a gaishe ka. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka kalli wasa tun daga farko har ƙarshe. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, ku koyi zama. Yaran da za a kawo muku ba duka ne masu laifi ba, wasu tsoro ne, wasu gajiya, wasu kuma tarbiyyar gida ce ta bi su har banɗaki.

Makon jiya muna tafe a layin masu kayan lantarki, ni da Auta da yarinyar da zai aura da kuma mahaifinta. Sai ga Baba ya ɓullo daga kwana, cikin babbar riga. Hanya ƙarama, ba wurin kaucewa. Auta ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa hannunsa. Baba ya gan mu, na tabbata ya gan mu. Sai kawai ya juya ya fuskanci wani shago, ya duƙa yana duba wata fanka, yana juya ta gaba da baya, yana tambayar mai shago ko tana da ƙarfin iska. Bai ɗago ba har muka wuce.