Bagobirin da ya ƙi dawakin Alhaji Maliki

Ni na riga kowa ganin abin da ke cikin mutumin nan. Tun Maraɗi ba ta san sunansa ba, tun yana zuwa bisa keke da kayan aiki a tsohon buhu, ni Gado, mai gadin benen Alhaji Maliki na Sabon Gari, na ce wanga ba irin sauran masu gyara ba ne. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, wannan ma faɗa na yi aka rubuta. Amma yunwar tamanin da huɗu ta same ni ta bar ni, mota ta kife da mu a hanyar Ɗan Isa na fito da ƙafata. In na ce na ga abu, to na gan shi.

Maganar Malam Yo'el nake, mai gyaran kilim, na'urar sanyaya ɗaki, Bagobiri mutumin Tsibiri, wanda ya aje aiki watan nan bayan shekara talatin da ɗaya, don ido ya fara gajiya.

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa cika ba shi a ƙofar benen ba, sai ranar Lahadi da yake zuwa majami'a. Yana jingine mashin zai tambaye ni ko ɓarayi sun bar ni na yi barci, ni kuma in tambaye shi ko Gobirawa sun fara cin abinci sau biyu. Daga nan ba ya shiga shagon kowa. Kai tsaye sai ƙarƙashin matakala, inda akwatin kuran, wato wutar lantarki, na gidan duka yake. Ya ɗora bayan hannunsa a jikin ƙarfen, ya yi shiru kamar mai sauraron ciwon ciki. Sannan ya bi shaguna yana cire ragar kilim yana wankewa, yana rufe duk ƙofar da ya tarar a buɗe.

Ku riƙe yadda gidan yake. Shaguna goma sha huɗu a ƙasa. A sama, zauren ɗinki na Hajiya Rahma, mata goma sha tara bisa kekuna, tagoginsu duka da ƙarfe. Matakala ɗaya ce tak, kuma akwatin nan yana ƙarƙashinta.

To, ƴan kasuwarmu da doki suke sayen kilim. Haka ake auna ƙarfinsa: doki ɗaya, doki ɗaya da rabi, doki uku. Mai shagon da bai fi ɗakin kwana ba sai ya ce shi doki uku zai sa, don na maƙwabcinsa biyu ne. Ya danna telekomand, abin sarrafa kilim daga nesa, ya sauke lamba zuwa goma sha shida don sanyi ya yi tsanani, ya wangale ƙofa don mai wucewa ya ji sanyi ya bugi ƙafarsa ya shigo. Na ga mai sayar da turare da rigar sanyi a cikin shago, watan Afrilu.

Yo'el ya sha gaya musu doki ci gare shi. Ya ce kada su tambayi dawaki nawa, su dubi takardar da ke manne a gaban inji, mai taurari, ita ke faɗin yawan kuran da dokin zai ci kafin ya yi aiki. Taurari da yawa, ci kaɗan. Ba takarda, to ba wanda ya san cikinsa. Ni da ban san baƙi ba, taurari dai ina ƙirgawa, kuma ni na fara ƙirga su a gidan. Ya ce su tsayar da lambar sanyi a ashirin da huɗu, su rufe ƙofa. Suka sa masa suna Ashirin-da-huɗu, suna kiransa da shi har a titi.

Bazarar da azumi ya faɗo tsakiyar zafi, Alhaji Maliki ya shigo da tsofaffin kilim goma sha biyu daga ƙetaren iyaka, kowane doki uku, ba mai takarda ko ɗaya. Zai buɗe babban shagon atamfa kafin salla, sauran kuma ya raba wa masu haya. Ya kira Yo'el ya ɗaura.

Ina tsaye. Yo'el ya zagaya su, ya ce wayar gidan ba za ta ɗauka ba, sai an sake ta, ko a sayi huɗu masu taurari su yi aikin goma sha biyun. Alhaji ya ce shi ya gina gidan, ya san abin da ya zuba ciki.

"Alhaji, dawaki talatin da shida za ka ɗaure ƙarƙashin ƙafar matan nan. Hannuna ba zai yi ba."

"To aje makullin akwatin. Maraɗi ba ta rasa masu hannu ba."

Ya aje. Shekara ashirin da tara a gidan, ya fita da buhunsa ba wanda ya raka shi sai ni. A bakin ƙofa ya ce in riƙa taɓa akwatin kamar yadda na ga yana yi, in bayan hannuna ya kasa zama a kai, in kira shi ko yana ina.

Aka samo wani ya ɗaura su cikin kwana biyu. Dijonktar, abin nan da ke yanke kuran da kansa in kaya sun yi yawa, ya riƙa faɗuwa sau biyar a wuni. Sai sabon mai gyaran ya ƙetare shi da waya mai kauri, ya ce an huta. Babban hannun da ke yanke kuran na gidan duka kuwa, Alhaji ya sa aka kewaye shi da raga aka garƙame da kwaɗo, makulli a aljihunsa, kada wani ya kashe masa sanyi.

Kwana tara ina taɓawa. Kullum ya fi jiya zafi.

Ranar buɗe shagon, bayan azahar, na ji ƙauri. Ba na itace ba, irin na takalmin roba da aka bari kusa da murhu. Na ɗora hannu, na janye ban shirya ba. Na bi shaguna ina roƙo a kashe kilim. Mai turare ya ce yunwar azumi ce ke sa ni jin ƙamshin gasasshen nama. Mai wayoyi ya ce ashe Ashirin-da-huɗu ya bar magaji. Alhaji na cikin baƙi, ko fuskarsa ban samu gani ba. A sama ina jin kekunan ɗinki na gudu, kayan salla sun taru musu.

Na kira Yo'el. Yana Jiratawa yana gyara wa wata firij. Ya tambaye ni abu ɗaya, ko na ga hayaƙi. Na ce tukuna. Ya ce kada in kuskura in ce gobara, mata goma sha tara in suka yo matakalar nan gaba ɗaya, ita za ta kashe su kafin wuta. In hau in sauko da su biyu-biyu.

Na hau. Na raɗa wa Hajiya Rahma. Ta dube ni, ta dubi ƙofa. Sai ta tafa hannu ta ce Alhaji na rabon turmin atamfa a ƙasa, amma biyu-biyu yake son gani, wadda ta yi gaggawa ba ta samu. Mata sun iya ƙarya mai amfani, wallahi. Suka fara sauka suna dariya, ni ina tsaye na tare akwatin da bayana, zafinsa na ratsa rigata.

Takwas sun sauka lokacin da na ji mashin ɗinsa. Bai ko kashe shi ba, ya bar shi kwance a ƙasa. Ya leƙa akwatin, hayaƙi siriri ya fara fita ta gefen murfi. Ya nufi shagon atamfa, ya ratsa manyan mutane da rigunansu, ya tsaya gaban Alhaji ya miƙa hannu ya ce makulli. Alhaji ya ce wa ya kira shi, korarre ne, a fitar da shi, ba zai kunyata shi gaban baƙi ba. Yo'el ya dawo ya zaro guduma daga buhu.

Bugu na farko kwaɗon bai ji ba. Na biyu ma. Alhaji ya fito yana cewa zai kira ƴan sanda, mutum biyu sun riƙe rigar Yo'el ta baya. Goma sun sauka, akwai mata bakwai a sama har yanzu, biyu kuma suna tsakiyar matakala, sun ga hayaƙin sun tsaya cik. Na ce musu su taho, ɗiyana, ku taho a hankali. Bugu na huɗu kwaɗon ya faɗi. Robar babban hannun kuran ta riga ta yi laushi. Ya tuɓe hularsa ya naɗe, ya kama, ya ja ƙasa da ƙarfinsa duka.

Ƙara ɗaya aka ji, da walƙiya shuɗiya. Sai gidan ya yi tsit. Dawaki talatin da shida suka mutu tare.

Ya zuba yashin bokitin da nake ajewa saboda gobara bisa akwatin da hannun hagu, don na dama robar ta manne masa. Da hayaƙi ya lafa ya buɗe murfin. Wayar ta narke ta zama kamar alewa, katakon matakala daga ciki ya yi baƙi ƙirin, garwashi na ci a hankali. Hajiya Rahma ce ta ƙarshe da ta sauko. Ta tsaya ta daɗe tana kallon katakon da ta tako yanzu, sannan ta juya ga Alhaji, gaban baƙinsa.

"Alhaji, ina atamfar da aka ce kana raba mana? Ko likkafani ne?"

Alhaji da kansa ya tuƙa Yo'el zuwa likita.

Yatsu biyu na hannun nan ba su sake miƙewa ba. Amma da ya warke, makullin ya koma aljihun Yo'el, kuma wannan karon da sharaɗi. Aka sake waya. Aka fasa bango aka yi matakala ta biyu. Kilim marar takarda ba ya shiga gidan, ni ke tsaye a ƙofa ina ƙirga taurari, na mayar da uku da hannuna. Shago ana auna shi kafin a ce doki nawa. Ashirin da huɗu, ƙofa a rufe. Mai turare ya yi wata guda yana gunaguni, da takardar biyan kuɗin kuran ta zo masa ya daina, amma har yau bai ce Yo'el na da gaskiya ba. Benaye huɗu a layinmu sun ɗauki tsarin. Kwanaki wasu masu kwat suka yi taro a otel kan ƙa'idar kilim a gidajen kasuwanci, aka ce abu ne sabo. Na yi dariya. Mu a ƙarƙashin matakala muka yi namu taron.

Malam Yo'el, kai ne aka kora ka dawo ba a ba ka haƙuri ba. Kai ne ka san gidan ba naka ba ne, matan ba danginka ba ne, addininku ma ba ɗaya ba, ka sa hannun da kake ci da shi. Bagobiri mai taurin kai, wanda a'arsa ta fi i ɗin mutum ɗari. Na gode, a madadina da na waɗanda kunya ta hana su faɗa. Allah ya ba ka hutu mai sanyi, ashirin da huɗu daidai.

Ku kuma masu gyara na yanzu, ku koyi cewa hannuna ba zai yi ba, ko da za a karɓe makulli. Masu benaye, ku bar tambayar dawaki.

Wanda kuma ya ce tsoho ya ƙara gishiri, ban hana shi ba. Ya zo Sabon Gari, ina bakin ƙofa. Ni zan raka shi sama da kaina, ya tsaya gaban Hajiya Rahma da matanta, kowace da almakashi a hannu, ya maimaita. In ya sauko da rigarsa a ɗinke, na yarda ƙarya nake.