Shekarar da Verdie Ta Hau Doki

Ozell Mabry a cikin karnuka ya tashi. Mahaifinsa mai kula da karnukan farauta ne a wata babbar gona a kudancin Alabama, shi kuwa tun ƙafarsa ba ta kai likkafa ba ake ɗora shi a sirdi ya bi manya. Da ya zama mai gidan kansa, masu hali suka riƙa kawo masa karnukansu tun suna ƙanana ya koya musu aikin tsuntsu: kare ya shiga ciyawa ya nemo inda kajin daji suka laɓe, in ya shaƙi ƙanshinsu ya ƙame wuri guda, wutsiya a miƙe, ba motsi sai mai shi ya iso.

Kowace shekara, da zarar zafin Yuli ya tsananta, sai ya loda karnuka da dawakai a mota, shi da matarsa Verdie su nufi Dakota ta Arewa, su sauka a wani tsohon gidan gona da suke haya. Can fili ne fetal, ciyawa iya ganinka. Kare kan yi nisa har ya koma kamar farin ɗigo, don haka da waƙa ake jan sa. Mai horo na bisa doki yana rera dogon kira, kare na jin inda muryar ta dosa, sai ya karkata ya sha gabanta. Muryar Ozell kuwa, manoman wajen kan ce in ya iso zakarunsu hutu suke tafiya.

Shekarar da ya haura sittin aka yi masa aiki a maƙogwaro. Lafiya ta samu, amma murya ta dusashe, sai raɗa. Duk da haka ya ce ba zai zauna gida ba, suka kama hanya kamar kullum.

Ya gwada usur. To, karnukansa sun saba cewa usur na nufin a ƙara gaba, sai suka yi ta ƙara gaba. Wadda ta fi ba shi wuya wata farar karya ce mai suna Dimple, ga hanci ga gudu, ga taurin kai. Rannan ta ɓace tun safe, sai da rana ta take maƙwabcinsu Arvid Solberg ya dawo da ita a gaban motarsa, zaune a kujera kamar matar gida. Ya ce a bakin kantin ƙauye ya tsince ta, wataƙila ta je neman wanda zai yi mata magana ne. Ozell ya yi dariya, amma abin ya ci masa rai. Ya fara tunanin mayar wa mutane karnukansu.

Ita Verdie duk shekarun nan ba ta taɓa hawa doki ba. Takan ce ba ta hawa abin da ba shi da birki. Aikinta girki ne, burodin masara da wake da soyayyar kaza, in sun koma gida kuma ita ke jan mawaƙan cocinsu. Wata safiya tana shanya kaya a bayan gida tana rera waƙar coci da iya ƙarfinta, Ozell na can bisa tudu yana kallon Dimple ta miƙe za ta sake ɓacewa. Sai ya ga karyar ta tsaya, ta ɗaga kunne, ta yi kwana ta nufo inda waƙar take.

Ya sauko a sukwane ya raɗa wa Verdie abin da ya gani, da abin da yake so.

"Tsohon nan, anya maƙogwaro kaɗai likita ya taɓa?" in ji ta. "Ni da jikoki zan hau wancan abu?"

"Tsohon dokina Deacon zan ba ki. Ya girme ki wajen hankali."

"To shi ya yi maka waƙar."

Ta yi kwanaki tana ƙi. Abin da ya karya ta shi ne ganin mijinta zaune a bakin ƙofa da hantsi, yana ta goge linzamin da ba shi da datti. Ta shiga ɗaki ta fito sanye da wandonsa, ta naɗe ƙafafun, ta ce a kawo mata bokiti ta taka.

Da fari muryarta rawa take, hannu biyu ta ƙanƙame gaban sirdi, tana waƙa tana haɗawa da roƙon Allah. Ozell na gefenta, in ya nuna dama da hula ta juya dama. Ba ta iya kiran masu horo ba, ba ta kuma nemi koya ba, waƙoƙin Lahadi kawai take zubawa. Karnukan ba su damu ba. Kafin mako ya zagayo sun san muryar.

Ranar da aka saki Dimple, ta yi wani faffaɗan zagaye a gaban waƙar, ta haye wani ɗan tudu, sai ta ƙame kamar an dasa ta. Ozell ya sauka a hankali ya wuce gabanta, yana buga ciyawa da bulala. Kajin daji suka tashi fir, garke guda. Ya harba ƙaramar bindigarsa marar harsashi. Dimple ko gezau.

Verdie ta manta da tsoro, ta saki linzami tana tafi. Deacon ya sunkuyar da kai ya kama cin ciyawa. Ozell ya durƙusa yana shafa bayan karyar, kafaɗunsa na rawa don dariyar da ba ta da sauti.

"Ka ga 'yata?" in ji Verdie.

"Jiya kika ce mata ɓarauniyar kaza."

"Jiya ke nan."

Zuwa wata shekara muryarsa ta ɗan dawo, amma Verdie ba ta sauka ba. Ta sa an saya mata sirdi da wando nata na kanta, girki kuwa aka raba shi kwana-kwana.

Mai Dimple, wani likitan haƙori daga Montgomery, ya zo ɗaukar karyarsa a lokacin kaka. Ya hau doki ya ƙwala kira irin na mafarauta, ta ƙi ko waiwaye. Dole ya zauna a barandar su Ozell da hula a gwiwa, Verdie na ba shi baiti yana amsawa, tana mayar da shi farko duk inda ya kauce. Ya tafi da karya mai kyau da waƙoƙin da uwarsa ta yi ta fama ta koya masa tun yana yaro bai iya ba.