Tumakin Inna da Ruwan Rijiyarmu

Bayan fitinar gubar dalma, Allah kada Ya maimaita mana, ma'aikatan lafiya suka riƙa bin ƙauyukan Anka suna awon rijiyoyi. Wata malamar asibiti, 'yar kudu mai fara'a, ta auna tamu, wadda mahaifina ya haƙa a tsakanin gidanmu da na Gwaggo, tsohuwar maƙwabciyarmu. Ta ce babu dalma, amma akwai wani gishiri da ke fitowa daga taki da fitsari, yana cutar jarirai. In ba a gano ta inda yake tsiyayowa ba, rufe rijiyar za a yi.

Inna, mahaifiyata, ta nuna masai na gidan Gwaggo. Gwaggo ta nuna turken tumakin Inna, wanda ke jingine da bakin rijiyar.

"Tumakina sun fi jikokinki tsabta," in ji Inna.

"Awo, shi ya sa kike kwana da warinsu."

Ni na kawo shawara, don na taɓa zama da marina. Na ce a zuba shuni a masai, a zuba jan galura a turke, a bi da ruwa, launin da ya ɓullo a guga shi ne mai laifi. Malamar ta ce ƙasa ba ta sauri haka, amma mu gwada.

Washegari limaminmu ya ja ruwa a rijiyar zai yi alwalar azahar. Ya fito da gemu ruwan makuba, ba ja ba, ba shuɗi ba. Haka ya ja mu salla, kowa na kallon ƙasa da khushu'in da ban taɓa gani a masallacin nan ba.

Ashe Inna ta ga ƙasa za ta yi nawa, ta juye ƙullin shuni cikin rijiyar kai tsaye. Gwaggo ma ta yi dabarar da jan galura. Malamar ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, ta ce tunda kowacce ta kawo shaida a kan 'yar'uwarta, ita ta karɓi duka biyu.

Aka haƙa sabon masai can bayan gida, aka mai da turke gindin tsamiya, muka yashe rijiyar. Bayan damina aka sake awo, alhamdu lillahi, ba a rufe ta ba. Sai dai Inna har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa shuɗin ya fi yawa a gemun liman.