Lungun da Makarar Bappa Umaru Ta Kasa Fita

Ni ne na yi kuskure, Bappa Umaru yana da gaskiya. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, kuma sai bana bakina ya iya faɗin wannan magana a gaban mutane.

Bappa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni. Tela ne. Ya baro tsohon garin Yola ya tsallake gada ya sayi fili a Vinikilang tun wajen yana gonakin masara. Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Duk wanda zai sa harsashin gini a layinmu, sai Bappa ya kira maza huɗu ya jera su biyu-biyu kamar masu ɗauke da gawa, ya sa su taka daga ƙofar gidansa har bakin titi. Inda kafaɗarsu ta tsaya, nan ne iyakar katanga. Ya kan ce a bar wa makara hanya, domin kowa a layin nan ta nan zai fita. Maƙwabcinmu Malam Bitrus, malamin makaranta daga wajen Numan, shi ma da haka aka auna masa, bai yi musu ba.

Sai rikici ya taso a arewacin jihar nan. Mutanen Mubi da Michika da Madagali suka cika Jimeta, wasu a makarantu, wasu a gindin bishiya. Ɗakin haya ya yi wuya. Filina yana daidai kwanar lungun, sai na tayar da ɗaki biyu, na ci hanya da abin da bai wuce taku biyu ba. Na gaya wa kowa taimakon 'yan gudun hijira nake yi. Ƙarya ce. Haya nake so.

Bappa ya zo ya tarar da magina suna aiki.

"Buba, wannan bulon a hanyar mutane yake."

"Bappa, mutane suna kwana a waje, kai kana ta maganar lungu?"

"Ka ba su ɗakinka. Idan bai isa ba, ka ba su nawa. Hanya ba taka ba ce da za ka yi sadaka da ita."

Na ce masa zamani ya wuce tsarin tsofaffi. A gaban magina na faɗa. Ya dube ni, ya juya, bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Masu jan fenti sun zo daga ofis, suka zana alamar rusau a bangon. Muka koma gefe muka gaisa, suka tafi. Damina ɗaya ta wanke fentin. Da sauran mutanen layin suka ga ba abin da ya same ni, wannan ya fito da shago, wancan ya haƙa ramin bayan gida a waje, wani ya zuba matakala. Ni na buɗe musu ƙofa.

Ranar da Bappa ya rasu, aka yi masa wanka aka ɗora a makara. Muka taho da shi har kwana, makara ta ƙi juyawa. Aka ja baya, aka karkata, kanta ya daki bangona. Kowa ya san bangon waye. Malam Bitrus ne ya ce a biyo ta gidansa. Aka sauke Bappa daga makara, aka naɗe shi a tabarma, aka miƙa shi ta saman katanga hannu da hannu kamar buhun masara, muka fita da shi ta ƙofar Malam Bitrus. Matar Bappa, Goggo Aisatu, tana tsaye a tsakar gida tana kallo.

Na kan tambayi kaina me Bappa zai ce idan ya ga garin nan yau. An yi gadojin sama, an kafa fitilu, kuma ban ce ba su da amfani ba. Amma a sauka daga babban titi a shiga unguwanni. Mai ruwa ba ya iya tura amalankensa. Mace mai naƙuda a baro ake fito da ita, domin keke napep ba ya shiga. Gobara ta tashi, motar kashe wuta sai dai ta tsaya a titi tana jiniya. Ruwan sama ba shi da inda zai bi sai ɗakunan mutane. Wanda ya je unguwar Karewa zai ga layuka masu faɗi, ya san an taɓa samun masu tunanin gobe a garin nan. To ina suka tafi? Yanzu dillali ne da igiya yake yanka gona ta wajen Girei, ba filin makaranta, ba maƙabarta, ba magudanar ruwa, kuma takarda tana fitowa da hatimi. Masu hatimin sun san abin da suke sa wa hannu. Mu masu saye mun sani. Haushina a kansu yake, amma ba ni da bakin zagin kowa, tun da na san yadda ake gaisawa da mai jan fenti.

Mutanen da suka gudo ba su ɓata mana gari ba. Wurin kwana suka nema. Mu ne muka sayar musu da hanya, muka kira abin tausayi.

Bana Goggo ta kwanta ciwo. Na je gaishe ta, ta sa aka fitar da yara.

"Buba, abu ɗaya nake roƙo. Kada a miƙa ni ta katanga. Ni mace ce."

Na tashi na fita. Iyalin da ke ɗakunan da na gina a kwanar, mutanen Michika ne da ba su koma ba, na mayar da su ɗakunan cikin gidana, abin da Bappa ya ce in yi tun farko. Na ɗauko guduma. Malam Bitrus ya fito da tasa duk da tsufansa, yana cewa dama ya daɗe yana jin haushin bangon nan. Mai shago da mai matakala har yau ba su motsa ba, lungun bai koma yadda yake ba. Amma mun jera maza huɗu biyu-biyu, sun taka daga ƙofar Bappa, sun juya kwanar ba tare da kafaɗar kowa ta taɓa bango ba. Wannan awon shi ne abin da Bappa ya bari, kuma ban ga wanda ya fi shi a takardun ofis ba.

Na koma wurin Goggo da ƙurar siminti a jikina, na durƙusa a bakin gadonta.

"Goggo, hanya ta buɗe. Ni na sa aka ɗaga Bappa ta katanga, ba kowa ba. Shi ba zan same shi in roƙe shi ba. Ke ki yafe mini."