Watan da ke cikin agogon Baba

A shagon ɗinkin mahaifina a Wunti akwai wani tsohon agogon bango da ya gada wajen kakanmu. A saman lambobinsa akwai faifai mai hoton wata, yana juyawa a hankali, watan ya leƙo siriri, ya cika, ya ɓace. Aibinsa ɗaya: bai san ko wata zai cika talatin ko zai tsaya a ashirin da tara ba. Don haka duk ƙarshen wata sai Baba ya fita da magariba ya duba sama, in ya ga jinjirin wata ya dawo ya gyara faifan da yatsa. Bai taɓa taɓa shi don wani ya ce ya gani ba. Mutumin akwai taurin kai, kuma ni na gado shi.

A haka unguwa ta saba. In Baba ya ce ya gani, shi ake sa wa gaba zuwa wajen mai unguwa ya ba da shaida.

Shekarar da nake magana, na zo daga gidana na Tirwun yi musu aikin Sallah. Nan na lura Baba yana laluben bakin kofi kafin ya zuba shayi, zare kuma sai ya fake da hira wani ya sa masa a allura. Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani, ya ɓoye wa kowa. Na ji haushinsa, na kuma ji tsoro.

Ranar ashirin da tara ga azumi, ana shan ruwa maƙwabta suka taru a ƙofar shago. Watan agogo ya riga ya leƙo. Na tsaya daga bakin zaure, na san abu biyu ne: ko dattijon nan ya yi shaidar abin da bai gani ba a kan azumin jama'a, ko asirinsa ya tonu a bainar mutane.

Hadari ya ɗan yaye. Sai ga jinjirin wata can yamma, siriri kamar yankan farce. Na gan shi, wani mai shayi ma ya gani.

"Ga shi can! Baba, ai ka gani ko? Mu je wajen mai unguwa!" in ji mai shayin.

Baba ya ɗaga kai, amma gefen da yake kallo daban ne. Wallahi ji na yi kamar in ruga in juya masa fuska. Ya daɗe a haka, mutane suka fara kallon juna. Wani ya ce, "Ai ko agogonka ma ya nuna."

"Agogo ba ya shaida," in ji Baba. "Ni ban gan shi ba. Waɗanda suka gani su je."

Suka tafi sumui-sumui. Ya juyo yana laluben ƙofa, ya kira ni.

"Ke kin gan shi da idonki?"

"Na gan shi, Baba."

Ya buɗe gilashin agogon, ya kama yatsata ya ɗora a kan faifan.

"To tura a hankali," ya ce. "In ya yi daidai ki faɗa mini."