Ranar da na'urata ta tona rumbun Inna

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a kwalejin fasaha, aka ce kowa ya ƙera abin da zai amfani mutanensu. Ni kuwa da rawar kai na ce rumbun gero zan yi wa gata. Na haɗa wani ɗan allon lantarki, bai fi gidan ashana ba, na jona masa sansa mai auna zafi da danshi, da wata mai gane haske. Duk abin da suka ji, allon zai cillo shi ta iska har cikin laftof ɗina, ba igiya ba komai.

Da hutu na kwaso shi sai garinmu, can wajen Ɗambatta. Na rataye shi a cikin rumbun mahaifiyata da ke bayan gida. Ta dube ni ta ce, "In dai ba zai ci min gero ba, rataya."

Lokacin marka ce, tsohon hatsi ya ƙare a gidaje da yawa, sabo bai nuna ba. Ni ina ruwana, lambobi kawai nake kallo. Wata rana bayan la'asar na shimfiɗa laftof a zaure don in burge mutane. Mahaifina na nan, ƙaninsa da muke kira Baffa na nan, ga maƙwabta. Ina ta zuba kamar kanya: wannan layin zafi ne, wannan danshi, wannan kuma haske, in dai rumbu a rufe yake ba zai motsa ba.

Ban rufe baki ba layin ya yi tsalle.

Na miƙe zumbur. "Wallahi yanzun nan an buɗe rumbu! Inna kuwa da safe take ɗiba!"

Mahaifina bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Zauna. Iska ce ta ɗaga murfin."

"Baba, ai na'ura ba ta ƙarya."

"Na ce ka zauna."

Ina! Na riga na hango kaina ina kama ɓarawo a gaban jama'a. Na ja hannun Baffa na ce ya zo ya zama shaida, muka zagaya da sauri, maƙwabta biyu na biye da mu.

Mahaifiyata muka tarar a kan turmi, rabin jikinta a cikin rumbu. A ƙasa matar Baffa ce tsaye, ta buɗe bakin buhu a ƙarƙashin hijabi. Ashe sun daɗe suna haka, Inna na ɗibar mata gero a ɓoye. Ita matar takan ce wa mijinta ragowar sadakar da aka ba ta a gidansu ce, shi kuma mahaifina ya sani ya yi kamar bai sani ba, don kada ƙaninsa ya ji nauyi.

Baffa ya dubi buhun, ya dubi maƙwabtan, ya gyara hularsa ya juya. Ni kuma ina tsaye da laftof a hannu kamar wanda aka dasa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Matar ba ta ɗauki geron ba. Har aka yi girbi Baffa bai sake zama a zaurenmu ba, sai dai gaisuwa a masallaci. Abin da ya fi ci min rai, yaransa ne suka ji a jikinsu, sai da Inna ta koma aika musu tuwo a kwano tana cewa ya yi mana yawa. Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Kajin gidan nan kullum suna ganina, ko ɗaya ba ta taɓa kai rahoto zaure ba."

Na je na durƙusa wa Baffa. Ya ce, "Ba komai, yaro, karatu ne." Yau muna wasa da dariya, amma har gobe in ya ce min "injiniya" sai na sunkuyar da kai. Yanzu irin na'urorin nan nake haɗa wa masu kiwon kaji, kuma kafin in kunna sai na tambayi mai wurin wa da wa za su riƙa gani.

Kafin in koma makaranta na ɗauko allon daga rumbu na cire sansar hasken, na bar ta zafi da danshi. Inna tana tankaɗe ta ce, "Ka makantar da shi?"

Na ce, "E, Inna."

Ta ce, "To mayar da shi rumbun. Yanzu ya zama ɗan gida."