Malam Sanda a Kan Ƙanƙarar Alaska

Duk wanda ya san Malam Sanda a Greensboro ya san shi da tsoron sanyi. Basakkwace ne, bakanike a tashar bas ta Downtown, kuma har watan Mayu da jaket biyu yake zuwa sallar Juma'a. Da an kunna na'urar sanyi a masallaci, sai ka ga ya sulale ya koma bakin ƙofa.

To ga 'yarsa Afnan, duk karatun duniya sai ta zaɓi na ƙanƙara! Aikinta ta hau wani dutse a Alaska, inda ƙanƙara ta daskare tun zamanin kaka da kakanni, ta kafa dogon ƙarfe mai na'urorin auna gudun iska da zafin da iskar ke zuba wa ƙanƙarar har take narkewa. In babu awon bana, babu digiri.

"Ba inda za ki ba muharrami," in ji Malam Sanda a falonsu na Glenwood. Shi a tunaninsa magana ta mutu ke nan.

Ina! Sati bai zagayo ba ta dire masa tikiti biyu. "Baba, malamata ta yarda ka biyo mu. Sai ka nemi hutu."

Mutum ya yi magana a gaban iyalinsa, yaya zai yi? Haka ya tafi, yana mita tun daga filin jirgi.

Kwanakin farko a tanti ya yi su, dunƙule cikin bargo, yana ce wa kansa Allah ya ƙara. Ranar da ya daure ya leƙo, Afnan ta ce ya matsa gefe, wai ɗumin jikinsa zai ɓata awo. "Ni da nake shirin mutuwa, wane ɗumi?" ya ce.

Sai wata safiya rana ta ƙwalle, ƙanƙara ta zagwanye a ƙarƙashin ƙarfen, ya fara karkata wajen wani tsagi mai zurfi. Malamar ta gangara ƙasa ɗauko batir, daga Afnan sai shi. Ihunta kawai ya ji: "Baba!"

Wallahi ko igiyar takalmi bai ɗaure ba ya fito a guje. Ya rungumi ƙarfen nan, ya tokare shi da kafaɗa kamar mai tura motar da ta mace, iskar da ke gangarowa daga saman dutse tana yankar masa fuska. Ruwan ƙanƙara ya cika masa takalmi, yatsunsa suka sandare, bai saki ba. Afnan na huda sabon rami, tana ɗaure igiyoyi. Yana kallonta, alfahari ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa.

Ƙarfe ya miƙe, ta duba allon na'urar. Lambobi na ta shigowa, ba abin da ya salwanta.

Ta fashe da kuka. Shi kuwa ya ɗaga hannu sama ya rangaɗa kabbara da iyakar muryarsa, duwatsu suka amsa masa.

"Dakta," ya ce wa Afnan, haƙoransa na haɗuwa, "me kuma kike so in ɗauko miki?"